Illar Magungunan Farfaɗiya ga Mafitsara: Nazari a Yanayin Sabon Birni da Isa

Tsakure

Maƙalar ta duba yadda magungunan farfaɗiya ke taɓa mafitsara, ta auna hakan da halin da ake ciki a ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa. Matsayarta ita ce illar tana da sauƙin gyara idan an faɗe ta, amma ɓoye ta kan kai majinyaci ga barin magani kwatsam.

Gabatarwa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu farfaɗiya sun kai miliyan 50, kusan kashi 80 cikin ɗari a ƙasashe masu tasowa, kuma har kashi 70 za su iya rabuwa da faɗuwa in sun sami maganin da ya dace. Ga mutanen gabashin Sakkwato, inda Sabon Birni da Isa suke, ƙwararrun da ke duba irin wannan ciwo suna can Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da asibitin ƙwaƙwalwa na Kware, ga kuma 'yan bindiga sun mayar da hanyar abin tsoro. Saboda haka da yawa sukan sayi magani a kemis, su yi watanni ba wanda ya tambaye su yadda jiki ya karɓe shi.

Magungunan da illolinsu

Kabamazefin, wanda aka fi sani da Tegretol, dangin tsofaffin magungunan damuwa ne a ƙirarsa, yana kuma iya rage ƙarfin matsewar mafitsara. Fitsari ya riƙa fita da ƙyar, wani lokaci ya tsaya. Ba kowa yake samu ba, amma dattijon da furostat ɗinsa ya riga ya kumbura shi ne abin dubawa.

Balfurowet kuwa, wato Epilim, an sha ba da rahoton yana jawo fitsarin kwance ga yara, kuma yakan daina idan an rage ko an sauya maganin. Tofiramet yana rage sinadarin sitiret a fitsari, ya buɗe ƙofar tsakuwar ƙoda, haɗarin da zafin bazarar yankin da ƙarancin shan ruwa ke ƙara wa ƙarfi. Retigabin ya fi kowanne nuna alaƙar a fili: hanyoyin fotasiyam da yake buɗewa a ƙwaƙwalwa akwai irinsu a tsokar mafitsara. An amince da shi a 2011 tare da gargaɗi kan riƙewar fitsari, kamfanin GlaxoSmithKline ya janye shi daga kasuwa a 2017.

Tattaunawa

Wahalar tana wajen rarrabewa. Yaron da ya wayi gari a jiƙe, ko dai maganin ne, ko kuma farfaɗiyar ce ta kama shi cikin barci ba wanda ya gani. Na farko yana bukatar a rage magani, na biyu a ƙara. Cizon harshe, ciwon kai da kasala da safe suna nuna na biyun. Sannan ga tsargiya, wadda yaran da ke wanka a Gulbin Rima da fadamunsa kan ɗauka. Idan da jini a ƙarshen fitsari, gwajinta ya kamata a fara yi kafin a ɗora wa ƙwaya laifi. Ga mata kuma akwai yoyon fitsari na bayan doguwar naƙuda.

Abin da ya fi damun mai wannan nazari shi ne kunya. Farfaɗiya kanta ana ɓoye ta, wasu na jingina ta ga iskoki, ana gudun ta hana aure. Budurwar da fitsari ya fara kubce mata ba za ta faɗa wa ma'aikacin lafiya namiji ba, jefar da maganin za ta yi. Barin magani kwatsam, musamman fenobabiton, na iya haifar da faɗuwa a jere ba farfaɗowa, wadda ke kisa idan asibiti ya yi nisa.

Don haka ya wajaba ma'aikaci a asibitocin Isa da Sabon Birni ya yi tambayar da kansa a kowane zuwa, mace ta tambayi mace, a kuma gaya wa iyaye tun ranar farko cewa sauyin fitsari dalili ne na dawowa asibiti da sauran maganin a hannu.