Tsarin da Kawu Ya Tambaya

Mun kai albasa Aliero daga Kashin Zama, mai saye ya turo kuɗi ta waya, sai yaron da ke cire wa mutane kuɗi ya ce sistem ya faɗi. Kawu ya dube ni. "Kai ɗan boko, wane ne wannan mai faɗuwa kullum? Ga masu ɗori cike da garin nan, a kai shi mana." Na ce, "Kawu, tsari ake nufi." Ya ce, "Wanne daga ciki?"

Tambayar tasa tana kan hanya. Boko ya cusa kalmomi uku cikin riga ɗaya, baki ne kawai ke raba su. Akwai tsari na bakin rafi, ɗan'uwan guza. Akwai tsarin da malam ke rubutawa a ɗinke cikin laya. Sai wanda ya fito daga tsarawa, na tsarin mulki da tsarin karatu, shi ne muke fassara sistem da shi. A ganin Kawu, biyun ƙarshe ba su taɓa rabuwa ba a zamanin fatauci, kuma da na bi tarihin fataucin garin Jega sai na koma bayansa.

Jega 'yar rikici ce. Harin da dakarun Yunfa na Gobir suka kai wa jama'ar Malam Abdussalami a Gimbana a 1803 yana cikin abin da ya kunna jihadi. Daga baya malamin ya saɓa da Muhammadu Bello a Kware, ya rasa ransa a 1818, ɗansa Buhari ya kafa Jega ƙarƙashin Gwandu. Kafin ƙarnin ya ƙare, in an cire Kano, da wuya a ambaci kasuwar da ta fi ta a daular Sakkwato. Goron Gwanja ne ya ɗaga ta.

Ayarin goro kuwa ba taron yuyuyu ba ne. Madugu ke yanke ranar tashi, shi ke cinikin garama da sarakunan hanya da kuɗin fito a bakin Kwara. Jagaba yana gaba yana duba zango. Malamin ayari na riƙe da lissafi, shi ne kuma mai addu'a, ga alƙalami ɗaya yana aikin tsari iri biyu. Su ɗora wa jakuna kanwa da tufafi da jar fata, har da gabu, busasshen ganyen albasa (ashe albasarmu ta daɗe da sanin hanya), su ratsa Borgu wata da watanni har Salaga ta ƙasar Gwanja. Wanda ya fita daga layi ya zama rabon 'yan fashi.

A dawowa aikin ya fi cin rai. Bayan 'yan kwanaki sai an kwance huhu, a bi goron ɗaya-ɗaya da yatsa, a tsince wanda sankara ta taɓa, a yayyafa ruwa, a sake lulluɓewa da ganye. Kawu ya ce kakansa ya fi tsoron huhun da ya yi zafi a kan ɗan fashi.

In an sauka Jega, fatoma ne mai masauki, shi ke ajiye kaya, shi ke tsaya wa baƙo. Dillali ya haɗa ciniki ya ɗauki la'ada, a ƙirga wuri, dubu ashirin keso guda. Bashi yana tafiya bisa suna, wanda ya ci amana labarinsa kan riga shi isa zango na gaba.

Yaƙin basasar Salaga a 1892 ya fara girgiza hanyar. Turawa suka ci Sakkwato a 1903, jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, goro ya koma biyowa ta Ikko. Madugai suka watse, amma dillali bai je ko'ina ba.

Shi ne ma ya fisshe mu ran nan. Da la'asar ta yi sistem bai tashi ba, dillalinmu ya sa hannu aljihu ya ƙirga wa Kawu kuɗin mota da na cefane, ya ce, "Baba, ku tafi gida, saura ranar kasuwa." Ba a rubuta komai ba. Kawu ya ninke kuɗin ya tura cikin hula.