Asalin Mashayar Downham

A kudu maso gabashin birnin Landan akwai wata unguwa wai ita Downham. Da can wurin duk gonaki ne. Da aka gama Yaƙin Duniya na Ɗaya, gwamnatin Firayim Minista Lloyd George ta yi wa sojojin da suka dawo alkawarin gidaje na mutunci. Sai majalisar da ke mulkin Landan ta sayi filin, ta gina gidaje wajen 6,000 daga 1924 zuwa 1930, ta raɗa wa unguwar sunan tsohon shugabanta, Lord Downham. Ta kwaso talakawa daga lungunan Deptford da Bermondsey na bakin kogin Thames, ta zuba su a ciki.

Maƙwabta ba su yi maraba da su ba. A 1926 masu hali na Bromley suka gitta katanga a kan hanya, suka dasa fasassun kwalabe a samanta, don kada 'yan sabuwar unguwa su riƙa ratsawa ta ƙofar gidajensu.

To, a inda mutanen nan suka baro, kowane lungu da mashayarsa. Can ake jin inda ake ɗaukar leburori, can ake taron ƙungiya, can ake haɗa gudummawa in an yi rasuwa. Amma hukuma tana tsoron shaye-shaye, don haka guda ɗaya tak ta yarda a gina wa mutum wajen 29,000. A ganina ta kyauta da ta ba su muhalli, amma ta yi musu rowar wurin haɗuwa, alhali an raba su da dangi da abokan tasowa.

Kamfanin giya na Barclay Perkins ne ya gina mashayar, aka buɗe a 1930, ana ce mata Downham Tavern. An daɗe ana cewa duk Ingila babu wadda ta kai ta girma. Ga zauren rawa da kiɗa, ga ɗakin cin abinci, ga lambu. Da fari ma ba a tsayuwa a gaban kanta. Sai mutum ya zauna a tebur ma'aikaci ya kawo masa, da nufin magidanci ya zo da matarsa, ya ci abinci, ya tashi da hankalinsa.

Ta haura shekara 60 tana tara jama'a. Sannu a hankali talabijin da giyar kanti mai araha suka zaunar da mutane a gida, ƙaton gini ya fi ƙarfin cinikinsa. A shekarun 1990 aka rushe shi, aka gina kantin Co-op a filin, da wata 'yar ƙaramar mashaya a gefe wadda ta gaji sunan.