Fasahar Zamani da Karatun Ƙananan Yara a Wamakko

Ƙaramar Hukumar Wamakko, wadda ta haɗa da wani yanki na birnin Sakkwato, ita ce mazaunin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Amma duk da wannan maƙwabtaka, kayan karatun da yaron ƙauye ke fara riƙewa a nan su ne allo da tawada, daga baya alli da littafi. Na'urar zamani ba ta cika isa hannunsa ba.

Hukumar raya ƙasashe ta Amurka, USAID, ta fara shirin inganta ilimin firamare a Sakkwato da Bauci a 2009. Gwajin karatu na 2011 ya nuna cewa mafi yawan 'yan aji uku ba sa iya karanta ko kalma ɗaya ta Hausa. Shirin da ya biyo baya daga 2015 ya samar da littattafan Mu Karanta, tare da horar da malamai kan koyar da sautin baƙaƙe da wasula. Abin lura shi ne, aikin ya dogara ne ga malami da littafi, ba ga na'ura ba.

Da annobar korona ta sa aka rufe makarantu a Maris 2020, rediyo aka koma wa, domin shi ne ke aiki da batir a gidan da ba wutar lantarki. A 2022 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, da UNICEF da kamfanin Microsoft, suka ƙaddamar da manhajar Nigeria Learning Passport. Darussanta kyauta ne, amma wayar da za a buɗe su da ita ba kyauta ba ce. A yawancin gidaje kuwa wayar tana aljihun maigida, shi kuma yana kasuwa ko gona.

Ga 'yan ƙasa da shekara biyar ma akwai iyaka: ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ta ce kada yaro mai shekara 2 zuwa 4 ya wuce sa'a ɗaya a rana yana zaune yana kallon waya ko talabijin.

Tun da aka rushe USAID a 2025, nauyin ya ƙara komawa kan gwamnati. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya ga hukumar UBEC, amma jiha ba ta karɓar babban kasonta sai ta ajiye daidai da shi. Hukumar SUBEB ta Sakkwato ce ke kashe wannan kuɗi, kuma a takardunta ne za a ga nawa ya tafi gini da sayen kaya, nawa ya tafi horar da malaman aji ɗaya.