Dutsen da Mai ke Kwance a Cikinsa

A duk lokacin da aka ce an gano mai a Arewa, sai hira ta kaure daga Daura har Mai'aduwa. Bari mu waiwayi tarihin wani dutse da ya sha yaudarar masu irin wannan murna.

Asalinsa laka ce da ta kwanta a ƙasan tafki ko teku shekaru miliyoyi da suka wuce, ta danne ragowar ƙananan halittu har ta daskare. Abin da ke cikinsa, wato kerojin, bai gama nuna ya zama ɗanyen mai ba. Sai an fasa dutsen, an gasa shi a zafin da ya kai digiri 500, sannan man ya tsatso. Gashin nan ke cinye kuɗi da ruwa.

A Sikotlan an dafa shi tun shekarun 1860 don samun kananzir, amma man rijiya mai araha ya kashe sana'ar a 1962. A jihar Kolorado ta Amurka, kamfanin Exxon ya rufe aikinsa a watan Mayu 1982, ma'aikata fiye da 2,000 suka wayi gari babu aiki. Estoniya ce ta jure tun 1916, domin ta daɗe tana ƙona yawancinsa ta samu lantarki. A Nijeriya kuwa, akwai shi a Lokpanta ta jihar Abiya, yana nan kwance.

Ina Daura a wannan labari? Yawancin jihar Katsina na zaune ne kan tsohon fa, wanda ba ya riƙe mai. Mai na zama ne a kwarin da laka ta taru da kauri, irin na Chadi da na Binuwai. Daga na Chadi ake turo man Agadem zuwa matatar Damagaram da aka buɗe a 2011, mai tace ganga 20,000 a rana. A 2018 Nijeriya da Nijar suka ƙulla yarjejeniyar gina matata a jihar Katsina. A Nuwamba 2022 ɗan Daura, Shugaba Muhammadu Buhari, ya ƙaddamar da haƙa a Kolmani, tsakanin Bauchi da Gombe.

Gani ba ci ba ne. Kafin a yi guɗa, a tambaya: nawa ke ƙasa, nawa za a kashe a fito da shi, kuma ruwan wa za a ɗiba?