Na'ura a Matsayin Abokiyar Kiɗa: Nazari kan Naɗar Jitar Lantarki ta Nan Take

An daɗe ana jayayya a Turai kan amfanin naɗar kiɗan da aka ƙirƙira nan take, ba tare da an tsara shi tun farko ba. Cornelius Cardew, makaɗi ɗan Ingila da ya yi aiki da ƙungiyar AMM, ya bayyana a 1971 cewa faifai ba ya riƙe komai sai surar abin da ya wuce, domin ran kiɗan yana ɗaure da wuri da lokacin da aka yi shi. Derek Bailey ma yana ɗari-ɗari da faifai, duk da cewa shi da Evan Parker da Tony Oxley suka kafa kamfanin faifai na Incus a 1970. Wannan maƙala tana ganin hujjar tasu ta yi rauni a fagen mai jitar lantarki da yake kiɗa shi kaɗai da feda, wato ƙananan akwatunan sarrafa sauti da ake takawa da ƙafa. A nan naɗa tana cikin kiɗan tun daga tushe.

Aikin Robert Fripp da Brian Eno ya isa shaida. A 1972, a gidan Eno da ke Landan, sun jera na'urorin naɗa guda biyu ƙirar Revox, zaren tef ɗaya yana fitowa daga ta farko yana shiga ta biyu. Ta farko tana ɗaukar abin da Fripp ya kaɗa, ta biyu tana maido shi bayan 'yan daƙiƙoƙi, sai ya sake shiga ta farko ya haɗu da sabon kiɗa. Tazarar da ke tsakanin na'urorin ita ke yanke tsawon jinkirin, kuma kowane zagaye sautin yana ƙara dusashewa. Daga nan aka samu faifan No Pussyfooting na 1973. In an cire tef ɗin, babu kiɗan ɗungurungum. Fedar maimaici ta zamani, irin Boss RC-20 da ta fito a 2001, wannan dabarar ce aka dunƙule cikin akwatin da bai fi littafi girma ba.

Hujja ta biyu tana cikin jerin fedojin. Idan mai kaurara sauti ta gabaci mai amsa-kuwwa, kowane maimaici zai fito a fili. Idan aka juya su, maimaicin zai cakuɗe ya zama guguwa ɗaya. Makaɗin yana yanke wannan shawara kafin ya taɓa tsirkiya, saboda haka rabin tsarin kiɗan an riga an shimfiɗa shi a ƙasa, sauran rabin kuma amsa ce ga abin da na'ura ta dawo masa da shi. Wanda ake cewa yana kiɗa shi kaɗai, a gaskiya hira yake yi da abin da ya kaɗa ɗazu.

Wannan yana da tasiri a situdiyo. Injiniyoyi sukan raba sautin jita gida biyu, su ajiye tsurarsa don a yi masa ado daga baya. Dabarar tana da amfani ga waƙar da aka tsara, amma ga kiɗan nan take tana raba amsa da tambayarta. Makaɗin ya dakata a wani wuri ne domin yana jiran amsa-kuwwa ta mutu. In aka sauya tsawonta bayan an gama, dakatawar ta rasa dalili. Shi ya sa Guitar Solos na Fred Frith, na 1974, yake da daraja wajen manazarta, domin kusan dukkansa an naɗe shi ne yadda aka kaɗa shi.

Ba a musun cewa faifai yana rasa zafin ɗaki da numfashin 'yan kallo. Sai dai irin wannan kiɗa ta waya da lasifika yake isa kunne ko da a gaban jama'a ne. Saboda haka wajibi ne mai naɗa ya adana ainihin abin da makaɗin ya ji, manazarci kuma ya rubuta jerin fedoji da yadda aka saita su, kamar yadda ake adana takardar kiɗan da aka rubuta.