Cigiyar Karen Farauta a Ƙasar Dagona: Waiwaye Kan Jiya da Yau

Gabatarwa

A bakin Bahaushe kare ba shi da wata daraja. Da sunansa ake zagi, kuma shi ake kora daga ƙofar masallaci da gindin murhu. Duk da haka, wanda ya taɓa ganin mafarauci ya shigo gari da almuru riƙe da igiya babu kare, ya san akwai karen da ake rasa barci dominsa. Abin da wannan mutum ya baro a dawa shi ne idonsa da hancinsa, kuma shi ne wahalar renon shekara biyu ko uku. A wannan maƙala za mu waiwayi tarihin wannan al'amari a ƙasar Dagona, mu ga yadda ake neman karen da ya ɓata da yadda ake hana ƙanana bin iska. Abin da muke son nunawa shi ne, igiya biyu ke riƙe da karen farauta: sabonsa da mai shi, da kuma amanar jama'ar da ke kewaye da dajin. Sauye-sauyen da aka yi cikin shekara ɗari sun taɓa ta biyun ƙwarai, don haka nauyi ya koma kan ta farkon.

Dagona da Dajinta

Dagona ƙauye ne a ƙaramar hukumar Bade ta jihar Yobe, tsakanin Nguru da Gashuwa. Yana cikin faffaɗar fadamar nan da kogin Haɗeja da na Jama'are ke malala a cikinta kafin su haɗe su zama kogin Yobe, wanda ke gangarawa Tafkin Chadi. Ƙasar Badawa ce tun asali. Tsohuwar fadarsu ita ce Gogaram, birni mai ganuwa wanda Lawan Babuje ya gina a rabin farko na ƙarni na 19, sai a zamanin Turawa aka mayar da fadar Mai Bade Gashuwa. Suna maƙwabtaka da Mangawan Nguru da Fulani makiyaya da Hausawa manoma da masunta da fatake, kuma Hausa ce harshen da ke haɗa kowa a kasuwa.

Ruwa ne ke raba shekarar wannan ƙasa. Ambaliya kan cika fadama wajen watan Agusta da Satumba, sannan ta riƙa janyewa daga kaka zuwa rani, ta bar tafkuna nan da can. Da an kammala girbi sai farauta ta kankama. A tudu akwai zomo da gada da gafiya da zabi da fakara. A ruwa kuwa akwai dinya da kirinjijiya, ga kuma baƙin tsuntsaye masu zuwa daga Turai don gudun sanyin can. Irin wannan ƙasa tana da albarkar nama, amma tana da wuya ga kare, domin shi da hanci yake tafiya, ruwa kuwa yanke ƙanshi yake yi.

Matsayin Karen Farauta a Shari'a

Kafin mu shiga batun cigiya, ya kamata mu san dalilin da ya sa ake ɗaukar ɓatan kare da muhimmanci a ƙasar Musulmi. Aya ta 4 cikin Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da horarriyar dabbar farauta ta kamo, kuma hadisi ya yi izinin ajiye kare don farauta ko kiwo ko gadin gona. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda ake karantawa a zaurukan malamanmu tun da daɗewa, ya nuna an hana cinikin kare, an yi saɓani kan wanda aka yi izinin ajiyewa, amma wanda ya kashe irin wannan sai ya biya ƙimarsa. Haka kuma Muhtasar na Shaihu Halil, malamin Misira na ƙarni na 14, ya lissafa kare cikin abubuwan da hukuncin tsintuwa ke hawa kansu. Ke nan wanda ya tsinci karen farauta, dukiyar wani ya tsinta, kuma cigiya ta hau kansa.

Akwai wani sharaɗi da ya fi shafar zancenmu. Malaman Malikiyya sun ce horarren kare shi ne wanda in an tura shi zai tafi, in an tsawata masa zai tsaya. Kuma dole mai shi ne zai sake shi a kan naman, tare da ambaton sunan Allah. Idan kare ya tafi da ra'ayin kansa ya kashe zomo, wannan zomo mushe ne. Ashe ke nan kare mai yawon gaban kansa hasara biyu yake jawowa: ana iya rasa shi, kuma abin da ya kashe bai ciyuwa. Tarbiyyar da ke hana shi ɓata ita ce dai ke halatta namansa.

Yadda Ake Cigiya

Hanyoyi kaɗan ne kare ke ɓata ta cikinsu. Ko dai ya bi gada ya yi nisa har muryar mai shi ta daina kai masa, ko ya ji rauni daga tarko ko haƙorin gadu ko saran kububuwa ya kwanta, ko ya bi karya, ko kuma wani ya gan shi ya yi sha'awa. Dabarun mafarauta sun bi waɗannan hanyoyi ɗaya bayan ɗaya.

Da farko ba a barin wurin da aka rabu. Nan ake tsayawa ana fito, ana kiran sunansa, ana busa ƙaho. In dare ya matsa, sai mai kare ya bar rigarsa ko hularsa mai ɗauke da guminsa a gindin itace, ya yi sammako ya dawo. Sau da yawa akan tarar da karen kwance a kanta. Wani bincike da masana a Jamhuriyar Cek suka buga a 2020 ya ƙarfafa wannan tsohuwar hikima. Sun rataya wa karnukan farauta 27 na'urar nuna wuri, suka ga mafi yawan lokuta kare kan dawo wajen mai shi ta bin sawun kansa, wasu lokuta kuma ya yanko sabuwar hanya. Mutumin da ya yi gaggawar barin wurin, shi ya kawar da alamar da karensa ke nema.

Idan gari ya waye babu labari, sai bin sawu. Laka da rairayin fadama suna riƙe sawu, kuma gwani na iya raba na kare da na dila, ya kuma gane mai ɗingishi. Daga nan sai tambaya: rugar Fulani, sansanin masunta, bukkar masu noman rani. Kare mai ƙishi ruwa yake nufa, mai yunwa kuwa hayaƙi yake bi, su kuwa waɗannan mutane su ne ke zaune bakin ruwa da wuta.

Mataki na ƙarshe shi ne cigiya a gari. Akan sanar da shugaban mafarauta da bulama ko lawani, a kuma ba da saƙo ranar kasuwa, a faɗi launin karen da yankan kunnensa da irin layar da ke wuyansa. Wanda ya kawo shi akan ba shi tukwici, wanda aka kama ya ɓoye kuwa ya sha kunya a gaban 'yan'uwansa mafarauta. Wannan tsari duk a kan abu guda ya dogara, wato sanin juna. A inda kowa ya san karen kowa, ɓoyon kare ya fi satar akuya wuya.

Abubuwan da Suka Sauya

Sauyi na farko ya zo da jirgin ƙasa, wanda ya isa Nguru daga Kano a 1930. Garin ya zama matattarar gyaɗa da fatu da ƙaro da busasshen kifi, baƙi suka yawaita, abin da ya ɓata yau kuma yana iya kwana a wata ƙasa gobe. Dokoki ma sun shigo daji. Turawa sun kafa dokar kare namun daji a 1916, gwamnatin Jihar Arewa kuma ta yi tata a 1963.

Sauyi na biyu na ruwa ne. An yi fari mai tsanani a farkon shekarun 1970, aka sake wani a 1983 da 1984. An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992. Ambaliya ta ragu, kuma ruwan da ake saki daga madatsun ko da rani ya ba ciyawar kacala damar mamaye hanyoyin ruwa, musamman wajen tafkin Nguru. Kacala ta fi tsawon mutum, gindinta kuma cikin ruwa yake. Karen da ya kutsa cikinta ba a ganinsa, ba ya barin sawu, shi ma bai da ƙanshin da zai biyo ya fito. Daɗin daɗawa, noman rani ya ci dajin da ya rage, nama ya yi ƙaranci, dole mafarauci ya ƙara nisa.

Sauyi na uku shi ne iyaka. A 1987 aka fara shirin kare fadamar Haɗeja da Nguru. A 1989 Yarima Philip na Ingila, wanda a lokacin yake shugabantar ƙungiyar nan ta duniya mai kare namun daji, ya ziyarci tafkin tsuntsaye na Dagona. A 1991, shekarar da aka cire Yobe daga Borno, aka kafa Gandun Dajin Ƙasa na Yankin Tafkin Chadi, Dagona kuma ta shiga cikinsa. A 2008 aka sa tafkin cikin jerin fadamun duniya masu muhimmanci ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. An haramta farauta a gandun. Saboda haka karen da ya ƙetare iyaka ya shiga inda mai shi ba zai bi shi da makami ba, sai dai ya ajiye gora da bindiga ya nemi jami'an gandu su taimaka masa.

Na huɗu shi ne mota. A da mafarauci da karensa da ƙafa suke zuwa, don haka kare ya san kowace kwana ta hanyar gida. Yanzu akan loda karnuka a mota a sauke su a dajin da ba su taɓa shinshinawa ba, inda babu bulaman da ya san mai su. Wayar hannu ta kawo sauƙi, domin hoton kare na iya zaga ƙauyuka goma kafin azahar. Sai dai hoto ba ya tilasta wa wanda ya tsinta ya mayar. Wannan aikin amana ne.

Renon Kwikwiyo

Masu iya magana kan ce karen bana shi ke maganin zomon bana. Tunda cigiya ta yi rauni, rigakafi ya rage, shi kuwa tun kare yana kwikwiyo ake yin sa. Masana biyu na Amurka, Scott da Fuller, sun nuna cikin littafinsu na 1965 cewa tsakanin mako 3 zuwa 12 na rayuwar kwikwiyo ne sabo da mutum ya fi kama shi. Mafarautanmu sun daɗe da sanin haka a aikace, shi ya sa ba su son karɓar babban kare. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Mai kare da hannunsa yake ciyar da kwikwiyo, a wuri ɗaya da lokaci ɗaya, yana kiran sunansa yana yi masa fito iri ɗaya, har kiran da abincin su zama abu guda a kansa. Yunwa ce babbar mai koya wa kare yawo. Wanda aka bari ya nemi na kansa a juji da mahauta ya riga ya koyi cewa arziki a waje yake. Fitar farko kuwa da igiya ake yin ta, kusa da gari, tare da tsohon kare mai jin kira, domin ƙarami abin da babba ya yi yake yi. Sai a riƙa ƙara nisa kaɗan kaɗan. In an yi kamu, akan ba shi rabonsa na kayan ciki daga hannun mai shi, don ya san nama ba ya ƙarewa sai a gaban ubangidansa. Kuma in ya yi nisa ya dawo, ba a dukansa, domin abin da zai fahimta shi ne dawowar ce laifi. Karyar da ke neman barbara a killace ta, namijin da ba a son iri daga gare shi kuwa dandaƙa na rage masa yawo.

Zamani ya ƙara sharaɗi guda, wato allurar haukan kare, wadda ake fara yi tun kwikwiyo yana wata uku. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, wadda aka kafa a 1924, tana sarrafa wannan allura. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 99 cikin 100 na mutanen da ke kamuwa da cutar daga kare suke samun ta. Karen da ya yi kwanaki a dawa yana cuɗanya da diloli da karnukan da ba su da iyayengiji, in ya dawo ya kamata a ɗaure shi a kai shi ga likitan dabbobi kafin yara su yi wasa da shi.

Kammalawa

Mun ga cewa shari'a ta ɗauki karen farauta dukiya mai alfarma, al'ada kuma ta tanadi hanyoyin nemansa, sannan jirgi da madatsa da gandu da mota suka sauya filin da ake neman. A yau ɓatan kare a Dagona ya wuce hasarar mutum guda. Karen da ya zauna daji yakan koma cin ƙwai da 'ya'yan tsuntsayen da ke sheƙa a ƙasa, ya far wa 'yan tumakin makiyaya, ya kuma zama hanyar cuta. Don haka mafarauci da jami'in gandu da Bafulatani da masunci, waɗanda sau da yawa ba sa ga maciji, a nan buƙatarsu ɗaya ce. Muna ganin ya dace shugabannin mafarauta da masu unguwanni da jami'an gandun su ajiye hanya sananniya ta kai rahoton karen da ya ɓata ko aka tsinta, a kuma haɗa ta da allurar shekara. Shi kuwa mai kwikwiyo, ya tuna ba a fafe gora ranar tafiya. Akushin da ya ajiye wa karensa yau shi zai dawo da shi gida baɗi.