Masu Hijira da Masu Masauki a Gaɓar Shuɗin Nilu

Garuruwan Hausawa da ke gaɓar Shuɗin Nilu a ƙasar Sudan sun samo asali ne daga hanyar hajji da kuma hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, inda sojojin Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a zuwa gabas, har suka yada zango a garin Shaihu Ɗalha wajen 1906, daga baya suka haye kogi suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. A wancan zamani babu wata hukumar agaji da ta tarbe su. Wanda ya riga isowa shi ne mai masaukin na baya, ya ba shi rumfa da hatsi, ya nuna masa gonar da zai yi ƙodago, maras lafiya a kai shi wurin malami ko wanzami, mai naƙuda kuma a kira mata ungozoma.

Da aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aka buɗe gandun auduga na Jazira, sai gwamnatin mulkin mallaka ta ga amfanin waɗannan baƙi, amma ƙarfinsu ta nema fiye da lafiyarsu. Mafi yawansu ba su sami hawasha ba, wato gonar da hukumar gandun ke ba manomi haya, sai suka zauna a kambo, ƙauyen leburori da ake kafawa a bakin magudanar ruwa, inda ruwan da ake sha shi ne ruwan da ake wanka da wanki a ciki. Nan tsargiya da zazzaɓin cizon sauro suka yi gida, kuma sai wajen 1979 aka fara Shirin Lafiya na Shuɗin Nilu tare da Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ya kawo feshi da rabon magani da ruwa mai tsabta, ko da yake ƙauyukan da ba su da rajista a wurin hukuma su ne suka fi wuyar kai wa.

A watan Yulin 2022 rikici kan ƙasa da sarauta ya ɓarke a garuruwan Rusairis da Damazin na gaɓar Shuɗin Nilu, ya sake tashi a Wad al-Mahi a watan Oktoba, dubun dubatar mutane suka bar gidajensu, da yawansu Hausawan da aka haifi kakanninsu a Sudan. Wasu sun kwana a azuzuwan makarantu suna jiran tantuna da magani daga hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya, wasu kuwa 'yan uwansu na jihohin Sinnar da Jazira da Farin Nilu ne suka buɗe musu zaure tun kafin motocin agaji su iso.